Gwangwanin Madara a Motar Masaƙa

Jiya ina zaune a bakin rumfa na ji ɗayanku yana cika baki, wai gyaran motar da ke haɗiyar baƙin mai ba wani abu ba ne, tiyo biyu ne da gwangwani, ko makaho ya ɗaura. Ban tanka ba saboda bakina cike yake da goro. Yau na furzar, sai ku jawo benci. Tiyo biyu ne da gwangwani, ban musa ba. Aski ma ai aska ce da ruwa, amma ba kowa kake miƙa wa maƙogwaronka ba.

Na shigo Kano daga wani ƙauye a bayan Ringim, shekarar da aka sauya wa motoci hannu, direbobi suna ta gwara kai a shataletale. Kawuna ya kai ni wurin Malam Iro, wani bakanike mutumin Damagaram mai rumfa a bayan manyan ɗakunan ajiya na Bompai. Ya ce masa, “Malam, ga Garba nan. Karatu ya ƙi shiga kansa, ku gwada ko ƙarfe zai shiga.” Malam Iro ya dube ni sama da ƙasa ya ce ƙarfe kam zai shiga, ko da guduma ne.

Shi a manyan motocin da ke ratsa hamada ya yi ƙuruciyarsa, don haka duk abin da ya shafi zafin inji ya san shi kamar yunwar cikinsa. Kayan aikinsa ba su cika akwati ɗaya ba. Sifanu ne da suka sha hannu har lambobinsu suka goge, da filaya mai karyayyen haƙori, da wata doguwar sukudireba da yake kafa bakinta a jikin inji, ya ɗora kunne a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga. Sai buta. Duk wanda ya ɗauki butar nan don alwala sai ya sha zagi, don ita ba ta salla ba ce, ta aiki ce.

Aikin farko da na ga an yi da butar na wani Alhaji ne, dillalin fata, mai sabuwar mota fil. Da safe murɗa ɗaya take tashi, ya yi yawonsa lafiya lau. Amma da zarar ya tsaya sallar Azahar ya fito, sai ta ce ba ta san zancen ba. Ya yi ta murɗa makulli har batir ya fara nishi. In ya haƙura ya zauna a inuwa kamar rabin awa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Alhaji ya yanke cewa jifa ne, wani abokin kasuwa ke son raba shi da salla ko da mota. An turara ta, an rataya mata laya a madubi, har rubutu aka wanke aka ɗura mata a lagireto.

Malam Iro ya ce, “Alhaji, ku bi titin Haɗeja da ita ku dawo, ku kashe a nan gabana.”

Ya je ya dawo ya kashe. Muka jira minti goma. Aka murɗa, ta ƙi. Malam Iro ya jiƙa tsumma ya naɗe famfon fetur da shi, ya tsiyaya sauran ruwan a gindin kafireto, ruwan ya yi tsuuu, tururi ya tashi. Ya ce, “Ku murɗa.” Ta tashi.

Alhaji ya zaro ido ya ce, “Malam, me kuka tofa a ruwan nan?”

“Ruwan famfo ne, Alhaji. Aljanin naku zafi ne.”

Alhaji bai yarda ba. Ya ce a sayar masa da butar. Malam Iro ya ƙi.

Ga abin da ya koya mini ranar, ku buɗe kunne. Muddin mota tana tafiya, fanka na juyi, ruwa na zagayawa, iska na shiga ta gaba, fetur mai sanyi na tahowa daga tanki. Kana kashewa duk waɗannan sun tsaya, amma ƙarfen bai san an tashi aiki ba. Tukunyar tuwo ce, ka janye itace ba ta daina ɓararraka nan take. Zafin sai ya hau sama, ya tarar da kafireto zaune a wuyan inji, bakin salansa na gasa shi ta ƙasa. Fetur ɗin ciki ya tafasa, wani ya zama tururi ya gudu, wani ya malala cikin inji ya shaƙe shi. Famfon fetur kuwa ruwa ya iya turawa, bai iya tura tururi ba. Waɗanda suka ƙera motocin nan a ƙasar da ake saka riga uku suke zaune. Ba su taɓa tsayawa Azahar a Bompai cikin bazara ba. Maganin da Malam Iro ke yi shi ne ya raba kafireto da wuta: ya sa masa matashi a ƙarƙashi na abin da zafi ba ya ratsawa, ya yanka farin ƙarfen gorar ruwa ya tare shi daga salansa kamar garkuwa, sannan ya janye bututun fetur daga jikin inji. Alhaji ya shekara yana salla a kan lokaci, yana kuma gaya wa mutane Malam Iro yana da asiri.

Na baƙin mai kuwa da kunya na koye shi. Wata a-kori-kura ce ta kamfanin alewa, aka kawo ta tana hayaƙi shuɗi, Malam Iro ya tafi jana'iza. Na buɗe matatar iska na tarar da ita jagab da mai kamar an soya ƙosai a ciki. Na bi sawu na ga ta wani tiyo man ke zuwa, wanda ya taso daga murfin inji ya shiga matatar. Na ce lallai Turawa ma suna kuskure, ina dalilin haɗa hanyar mai da hanyar iska? Na zare tiyon, na samu ƙaton noti na toshe ramin, na ɗaure tamau. Hayaƙi ya ɗauke. Na wanke hannu ina jin ni ma na zama wani.

Direban bai kai ƙarshen layi ba, sandar auna mai ta yi tsalle ta bugi bonet kamar an harba bindiga, sil ɗin bayan inji ya fashe, mai ya yi ta tsiyaya a kwalta. Da kafaɗa aka turo ta. Malam Iro ya dawo ya tsaya a kanta, ya ga notina. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Ya tara duk mutanen layin, har mai shayi, ya ce, “Ku zo ku ga likita. An kawo masa mai tusa, ya ɗinke masa gindi.”

Sai da aka gama dariya ya yi mini bayani. Kowane inji yana sakin iska ta ƙasa. Wutar da ke tashi a kan fistan, kaɗan daga cikinta kan zille ta gefen zobba ta faɗa wurin baƙin mai. Dole ta sami hanyar fita, kuma in za ta fita sai ta ɗebo tururin mai. Sabon inji kaɗan yake yi, kafireto ya haɗiye ba wanda ya sani. Tsoho kuwa sai ya yi ta ɗura wa kansa mai ta hanci, fulogi su yi baƙi, kan fistan ya yi kanta. Ya ce, “Ba toshewa ake yi ba, Likita. Tacewa ake yi. Ka bar iska ta wuce, ka tare man.” Sunan Likita ya bi ni har Malam Iro ya yaye ni, shekara bakwai cur.

Na kafa tawa rumfar a Sharaɗa, daura da ƙofar wata masaƙa. Lokacin harka na tafiya. Jiniya ta yi kuka ka ga mutane kamar kiyashi, masu shiga da masu fita, Kanawan ƙauye, mutanen Haɗeja da Gumel, 'yan Nijar, da mutanen kudancin Kaduna da Filato. Mota ta yi tari a sayo sabon abu a sa mata, tsohon a jefar a kwata. Ni kaina na fara manta dabarun Malam Iro.

Sai shekarar tsiya ta zo, wadda aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kaya ba sa shigowa sai da takardar izini. Ka zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari tun safe har La'asar kana neman zobban fistan, a ce maka wai suna kan teku. Fulogin da muka jefar a kwata muka koma muna tonowa, mu ƙona a wuta, mu kankare da allura. Masaƙu suka fara rage mutane, kuma da yake ba wanda ke son a ce shi ya kori talaka haka kawai, sai aka ƙirƙiro doka: wanda ya makara sau uku, ya ajiye katinsa a ƙofa.

A shekarar ne Bitrus ya kawo mini motar masaƙa. Bitrus mutumin wajen Pankshin ne, gajere mai faɗin ƙirji, shi ke jan bas ɗin da ke ɗebo masu aikin rana, waɗanda ke karɓar aiki ƙarfe biyu. Yana fara kwasa daga Ɗorayi, ya bi hanyar Panshekara ya ɗebi na wajen Challawa, ya juyo. Tsohuwar bas ce mai shan fetur, injinta a ciki yake kusa da direba, an kife shi da murfin ƙarfe, ba iska ba taga, tanderun mai gurasa sak. Bitrus ya ce da azumin wata shekara har ƙwai ya dafa a kai, ya ɓoye don kada ya ɓata wa Musulmin cikin motar rai.

Ya ce, “Oga Garba, motar nan ta sa ni a tsakiya. In na tsaya jiran mutane na bar ta a kunne, mai ya cika fulogi ta mutu da kanta. In na kashe, zafi ya hana ta tashi. Gaba kura, baya sayaki.”

“To yaya kuke yi?”

“Turi. Kullum turi. Maza da mata.”

Ba shi kaɗai ya zo ba. Tare yake da Mama Saratu, wata babbar mace daga wajen Kafanchan, wadda ta fi kowa daɗewa a kan injin saƙa, kuma ta fi kowa baki. Ta ce, “Ɗana, dube ni da kyau. Shekaruna sun yi kama da na mai tura bas? Mu tura ta, mu iso a jiƙe, a ce mun makara. Mutum biyu sun riga sun ajiye kati saboda wannan akwalar. Ni saura mini ɗaya. Yara biyar nake ciyarwa.”

Abin da ya ƙara dagula lamarin, masaƙa ta ɗauki sabon injiniya mai kula da motoci, yaro matashi da ya dawo daga karatu a waje, yana yawo da farar rigar aiki wadda ko ɗigon mai bai taɓa sauka a kanta ba. Ya duba bas ɗin ya rubuta cewa sai an sauke inji an sa sababbin zobba, in babu a sayar wa 'yan gwangwan. In aka sayar, Bitrus ya tafi gida, mutanen Ɗorayi kuma kowa tasa ta fisshe shi. Kuma kada ku ce ya yi ƙarya. Gaskiya ya faɗa, zobban sun cinye. Sai dai gaskiyarsa tana kan teku.

Na tsallaka na same shi a ofis. Na ce, “Yallaɓai, ku ba ni ita Asabar da Lahadi.”

“Kana da zobba?”

“Ba ni da su.”

“To me za ka sa mata?”

“Gwangwani, yallaɓai, da katako.”

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce da Turanci wani abu da ban ji ba, amma na ga bai yi kama da yabo ba. Daga ƙarshe ya ce, “Ran Litinin zan bi ta a baya da motata tun daga Ɗorayi. In mutum ɗaya ya sauko ya tura, ko ta iso bayan jiniya, magana ta ƙare.”

Asabar da sassafe na fara da matashin kafireto. Katako na gaske ba ya yi, yana shan fetur ya kumbura ya tsage. Abin da ake so shi ne wannan allon mai ruwan ƙasa da ake kafa makunnan lantarki a kai, wanda wuta ba ta ci. Mai gyaran lantarkin masaƙa ya zaƙulo mini wani tsoho daga shara. Na ɗora gindin kafireto a kai na zana, na yanka da zarto, na huda, na bi ramin tsakiya da zagayayyen magagari har ya yi daidai da maƙogwaron. Sannan aikin da ba wanda zai so a cikinku: na shimfiɗa samfefa a kan gilashin mota, na yi ta goga allon ina juya shi, tun hantsi har rana ta take. In bai kwanta sumul ba zai ja iska ta gefe, motar ta riƙa rawar sanyi, ka gyara ɗaya ka ɓata biyu. Da ya ƙara tsayi, kusoshin da ke riƙe kafireto suka gaza, sai da na hau keke zuwa Bompai wurin mai injin sassaƙar ƙarfe ya yanko mini dogaye. Garkuwar kuwa daga murfin tsohuwar tukunyar gorar ruwa na yanke ta. Ba manna ta ake yi a jikin salansa ba, tazarar yatsa ake bari, don iskar da ke tsakani ita ke aikin. Bututun fetur na kwance shi daga inda ya rungumi inji, na zagaya da shi ta jikin bodi. Na kuma huda murfin tanderun nan ta gefe don zafi ya sami ƙofa. Bitrus ya ce yanzu ƙafarsa ce za ta gasu. Na ce ƙafa ba ta tafasa.

Lahadi bayan an taso daga coci, Mama Saratu ta iso da kayan adonta, riƙe da abubuwan da na ce ta nemo mini, gwangwanin garin madara babba da sabon soson ƙarfe na wanke tukunya. Ta ce, “Ga su. In ba su yi aiki ba ka dawo mini da sosona.” Na kai wa mai dalma ya huda murfin wuri biyu ya liƙa bututu. Na shigowa dogo ne, ya sauka har kusa da gindi. Na fita gajere, iyakarsa murfi. Na cusa soson a tsakani, ba tamau ba, don in ka danna shi da yawa ka koma gidan jiya, ka zama likita irina. Iska mai mai daga tiyon murfin inji za ta shigo ta ƙasa, ta ratsa soso, man ya maƙale ya ɗiga, iskar ta fita ta sama ta wuce kafireto a wanke. A gindin aka liƙa ɗan famfon tsohon lagireto don tsiyayewa. Inda za a rataye shi ma magana ce. In ka sa shi kusa da inji ya yi zafi, tururin ba zai koma ruwa ba, zai wuce abinsa ya bar ka da gwangwanin ado. Can gaba na kai shi, gefen lagireto, inda iska ke bugu. Hoton jaririn da ke jikin gwangwanin yana leƙowa ta tsakanin ƙarafan gaba yana murmushi.

Na ce wa Bitrus, “Ka ji da kyau. Wannan ba magani ba ne, sandar gurgu ce. Kullum da safe ka buɗe famfon ka tsiyaye. Ran da ka bari ya cika, za ta shanye shi gaba ɗaya a kurɓi guda.”

Litinin na rufe rumfa na bi su. Bazara ce, irin ranar da ƙadangare ke gudu a kan yatsu. A Ɗorayi Bitrus ya kashe mota yana jiran mutane. Injiniya ya tsaya a bayanmu cikin motarsa sabuwa, yana duba agogo. Mutane suka taru amma suka ƙi shiga, suka jeru a bayan bas kowa ya naɗe hannun riga, don sun saba. Na ce su shiga. Wani dattijo Bagumale ya ce, “Malam, mu shiga mu sake fitowa? Wahala biyu ke nan.” Da ƙyar suka hau. Bitrus ya yi alamar gicciye, na kusa da shi ya yi bisimilla, ya murɗa. Ta yi gurnani sau biyu ta kama. Motar ta kaure da ihu. Ni ban yi ba, don tsayuwar ba ta kai minti biyar ba, kuma injin bai gama gasuwa ba tukuna.

Muka kwashi na wajen Challawa muka juyo. Saura kaɗan mu shiga Sharaɗa muka tarar da hanya a toshe. Wata babbar mota ɗauke da ɗanyar fata daga majema ta karye a gicciye, ba gaba ba baya. Wari kuwa, har ƙudaje na neman hanyar gudu. Muka tsaya. Allurar zafi ta fara hawa. Bitrus ya dube ni.

Na ce, “Kashe.”

“Oga Garba, a nan? Yanzu fa ta fi kowane lokaci zafi.”

“In ka bari ta tafasa, ba gwangwanin da zai cece ta. Kashe.”

Ya kashe. Duk motocin layin ma suka kashe, har ta Injiniya, don fetur a lokacin ba abin wasa ba ne. Bas ta yi tsit. Ana jin ƙarfen injin yana ƙas, ƙas, yana miƙa. Wannan shi ne lokacin da zafi ke hawa. Minti goma, sha biyar, ashirin. Mama Saratu ta fito da katinta ta riƙe a hannu tana fifita da shi. Na sa tafin hannu ta hudar da na yi na taɓa kafireto. Da ɗumi, amma hannu na zama a kai. Ban gaya wa kowa ba, don kada baki ya kama.

Biyu saura kwata aka ja babbar motar gefe. Bitrus ya share gumi ya murɗa. Murɗa ɗaya.

Ihun da aka yi, mai tallan rake da ke bakin hanya sai da ya zubar da farantinsa. Bitrus ya sa giya zai ja, sai Mama Saratu da ke kujerar baya ta ce, “Direba, dakata! Ku leƙo ku ga ikon Allah.”

Muka leƙa. Injiniya ne a cikin sabuwar motarsa, yana murɗa makulli, tana kiki-kiki-kiki. Ya sake, ta ƙi. Na bayansa suka dame shi da oda. Ya fito ya buɗe bonet ya tsaya yana kallon injin kamar wanda aka aiko wa wasiƙa da Larabci. Na sauka na je.

“Yallaɓai, ba abin da ya same ta. Zafi ne. Rabin awa za ta huce.”

Ya dubi agogo. Shi ma ƙarfe biyu manaja ke jiransa da rahoto. Mama Saratu ta zuro kai ta taga ta ce, “Yallaɓai, ko mu sauko mu tura muku? Mun iya, mun daɗe muna yi.”

Maza huɗu suka sauko suka tura masa ita gefen hanya, ya kulle. Ya hau bas. Ba kujera, kuma ba wanda ya ga ya dace ya tashi, sai ya tsaya riƙe da ƙarfen sama, tsakanin dattijon Gumel da wata mai ɗauke da kwanon abinci. A wata kwana miyar kuka ta sami farar rigar nan. Muka shiga ƙofar masaƙa mai gadi yana ɗaga hannu zai danna jiniya. Mutane suka yi ta dirowa suna rugawa wurin buga kati. Injiniya ya sauka daga ƙarshe, ya zagaya gaban bas, ya sunkuya ya kalli jaririn gwangwani, jaririn ya kalle shi. Ya ce, “A shafa masa baƙin fenti.” Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ran Asabar ya kawo motarsa rumfata, ya ajiye ta can baya inda ba a hangowa daga ƙofar masaƙa. Ya ce in sa mata matashi da garkuwa. Ya tsaya a kaina har na gama, yana tambaya yana rubutawa a ɗan littafi. Yaro ne mai kai, ba laifi. Abin da ya rage masa kawai rana ta gasa shi.

Sau ɗaya Bitrus ya manta da tsiyaya. Sati guda ya yi bai buɗe famfon ba, a kan titin Panshekara ta kurɓe gwangwanin duka, ta saki hayaƙin da ya rufe hanya har masu keke suka sauka suna salati. Mama Saratu ta karɓi aikin daga ranar. Kafin ta hau sai ta zagaya gaba da kwalba ta tsiyaye da kanta, man kuma ta kai gida tana shafa wa ƙyauren ɗaki saboda gara. Daga nan har shekara biyu ba wanda ya ajiye kati saboda bas.

Zobban ba su taɓa saukowa daga teku ba. Zaren saƙar ma daga baya ya bi su. Wata Litinin ina kwance a ƙarƙashin wata a-kori-kura na ji ƙarar bas ɗin, na san biyu saura minti biyar, don da ita nake saita agogona. Amma ban ji jiniya ba. Na fito na tarar da ƙofar masaƙa a rufe da sarƙa, an manna takarda, masu aikin safe da aka fitar suna tsaye cirko-cirko a waje da kwanukansu. Bitrus ya kashe mota. Aka sauko. Wani mai ilimi ya karanta takardar da ƙarfi, ya fassara: an rufe sai abin da hali ya yi, kowa ya dawo ƙarshen wata ya ji bayani. Aka buga ƙofa, aka kira manaja, aka zagi wanda ya kamata da wanda bai kamata ba. Ba wanda ya fito sai mai gadi, shi ma ya ce bai san matsayinsa ba.

Sun fi awa a cikin ranar nan. Daga baya ƙafa ta gaji, aka fara komawa cikin bas ɗaya bayan ɗaya, na rana da na safe duka, har bakin ƙofa. Bitrus ya zauna ya riƙe sitiyari bai taɓa makulli ba. Mama Saratu ce ta ce, “To direba, zaman me muke? Kai mu gida.”

Ya murɗa. Ta tashi, murɗa ɗaya, lafiya lau, ko tari babu. Ba wanda ya yi ihu. Mama Saratu ta daki jikin motar da tafin hannu ta ce, “Ke dai ba ki da kunya. Yau ma sai da kika kawo mu a kan lokaci.”